Ƙarfe Bai San Alfarma Ba

Daga Zauren Malama

  Da fatan maigida da yara suna cikin ƙoshin lafiya, kuma shirye-shiryen Babbar Sallah suna tafiya gwargwadon abin da Allah Ya hore. A watan jiya na yi alkawarin za mu ci gaba da maganar koya wa yara salla tun suna ƙanana. To ina neman afuwarku, yau zan ɗan jingine wannan, domin na gamu da wani abu a tafiya wanda na ga bai kamata Sallah ta zo ban faɗa muku ba.

A hutun makaranta da ya wuce mun bar Shagari zuwa Kano, ni da maigida da ɗiyata Nana 'yar shekara bakwai, domin yi wa ƙanwarsa barkar haihuwa. Kwana biyu da saukarmu sai ga wayar Hajiya Edita. Ta ce wani wurin wasan yara a birnin ya kafa sabon jirgin lilo, irin wanda Turawa ke kira rola-kosta, za a buɗe shi ga jama'a ranar Sallah, amma sun gayyaci 'yan jarida su je su gani, su hau, kafin kowa. Ta ce, "Malama, ke uwa ce, kuma yara kike koyarwa, ki je ki gano mana da idon uwa." Na yi dariya na ce, "Hajiya, ni da ko tsani ba na son hawa?" Da na shaida wa maigida sai ya ce zai raka ni, amma da sharaɗi ɗaya, shi ne zai riƙe mana jaka a ƙasa.

Ba zan ambaci sunan wurin ba, domin ba talla na zo yi ba, ba kuma ɓatanci ba. Abin da na gani a can ya shafi kowane wurin lilo, babba da ƙarami.

Ranar jere

Duk macen da ta taɓa zuwa ganin ɗakin amarya ranar jere ta san irin abin da na tarar. Fenti sabo har yana ɗaukar ido, an share ko'ina fes, ma'aikata sun sha riguna iri ɗaya, kowa sai murmushi. Mu baƙin ba mu wuce arba'in ba. An kafa rumfa, an kawo lemo da nama, aka miƙa wa kowa 'yar jaka da kalanda a ciki. Manaja ya tashi ya yi jawabi, ya ce kayan daga ƙasar waje aka kawo su, an gwada an sake gwadawa. Aka tafa masa. Sai 'yan jarida suka shiga tambaya: nawa aka kashe, mutum nawa aka ɗauka aiki, wane babban mutum ne zai yanke zare ranar buɗewa. Tambayoyi ne masu kyau, amma babu ta uwa a cikinsu ko ɗaya. Ni kuwa ina zaune ina cewa a raina, ai ba ranar jere ake gane tsaftar amarya ba, sai ta yi haihuwa biyu tukuna.

Don haka na zame daga rumfar, na nufi wani saurayi da na hango a gindin ƙarafan, hannunsa duk baƙin mai. Ashe shi ne injiniyan da ke kula da jirgin. Na gaishe shi na ce, "Malam Injiniya, ni malamar Islamiyya ce daga ƙauye, ka yi mini bayani irin wanda zan iya maimaita wa matan unguwarmu." Ya yi dariya, ya goge hannu, ya fara nuna mini.

Jirgin da ba shi da inji

Ki kwatanta layin dogo siriri wanda aka ɗaga a kan ginshiƙan ƙarfe, aka lanƙwasa shi ya hau ya gangara, ya karkata dama ya karkata hagu, sannan ya dawo inda ya fara. A kansa akwai 'yan taragai buɗaɗɗu, kowanne da kujeru bibbiyu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne taragan nan ba su da inji. Sarƙa ce ke jan su a hankali har ƙololuwar tudun farko, wanda shi ne mafi tsawo, sai ta sake su. Daga nan nauyinsu kawai ke tafiyar da su, tamkar amalanke da ta kufce wa mai ita a gangare. Ƙarfin gangarowar farko shi ke haurar da su tudu na biyu, shi ya sa kowane tudu na gaba bai kai na farko ba. Nan take na tuna darasin kimiyya da ƙawayena na sashen kimiyya suke ta haddacewa lokacin muna Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato, ina yi musu dariya ina cewa ina amfaninsa. Ga amfaninsa na gani da idona.

Na tambaye shi me ke hana tarago tashi sama ya bar dogon. Ya durƙusa ya nuna mini ƙafafu kashi uku: wasu a saman dogon, wasu a gefensa, wasu a ƙarƙashinsa, sun rungume shi kamar yadda hannu ke riƙe muciya. Ya ce tarago ba ya barin dogo muddin ana duba ƙafafun nan da kusoshinsu kullum da safe kafin a ɗauki mutum ko ɗaya. Sai ya ƙara wata magana da ta zauna mini. Ya ce, "Malama, tarago a ɗaure yake da dogo. Mutum ne ba a ɗaure yake da tarago ba, sai da wancan ƙarfen da ake saukewa a kan cinya."

Wannan wasa ya daɗe a duniya. Tun a ƙarni na 17 mutanen Rasha suke gina tuddai na katako su lulluɓe su da ƙanƙara suna sulɓowa a kai, har yau kuwa Faransawa duwatsun Rasha suke kiran abin. A 1884 wani Ba'amurke mai suna LaMarcus Thompson ya buɗe irin na dogo a Coney Island da ke New York, gudunsa kusan kilomita 10 ne a awa, wato yaro a kan keke zai wuce shi. A 1919 wani mai suna John Miller ya yi rajistar dabarar ƙafafun ƙarƙashin dogo, ita ce ta ba maƙera damar ƙara tsawo da gudu. Yau ga inda aka kai: a ƙarshen Disambar 2025 aka buɗe wurin wasa na Six Flags a Ƙiddiya, kusa da Riyad a Saudiyya, inda jirgin da ake kira Falcons Flight ke gudun kusan kilomita 250 a awa a kan dogo mai tsawon fiye da kilomita 4. Mu nan gida, Abuja ta samu wurin wasa na Wonderland a 2007, wanda daga baya ya koma Magicland. Kano kuwa tun farkon shekarun 1970 take da gidan namun daji na Audu Bako, inda yara ke yin dafifi duk Sallah. Wanda aka gayyace mu gani ɗan ƙarami ne ƙwarai idan aka gwada da na Saudiyya, amma ƙa'idar da ke riƙe da ran mutum a kansu iri ɗaya ce.

Yatsu biyu

Yanzu ga inda na ji kunya, kuma zan faɗa don wata ta amfana.

A bakin ƙofar hawa akwai wata sanda a tsaye da jan layi a jikinta, an rubuta santimita 120. Duk yaron da kansa bai kai layin ba, ba ya hawa. Nana tun a mota take tsalle. Aka tsayar da ita a jikin sandar, sai ga shi saura kamar yatsu biyu ta kai. Yaron da ke kula da ƙofar, wanda bai fi shekara ashirin da biyu ba, ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ba ta kai ba." Nana ta dube ni, idonta ya ciko da ƙwalla, ta ce, "Umma, ki ce masa na kusa."

'Yar uwa, ni da nake tsayawa gaban allo ina koya wa yara gaskiya da amana, sai na ji bakina yana cewa, "Haba ƙanena, yatsu biyu ne fa. Daga Sakkwato muka zo. Ka yi mata alfarma, ni zan riƙe ta." Har na so in tuna masa cewa gayyatarmu aka yi. Yaron nan ya sunkuyar da kai cikin ladabi ya ce, "Hajiya, in jirgin ya zo kan tudu, ke kanki sai kin ji kin tashi daga kujera. Ba za ki iya riƙe kanki ba, balle ita. Ƙarfen nan cinya yake dannewa. In jikin yaro bai cika wurin ba, akwai giɓin da zai zame ta ciki. Ni zan iya yi miki alfarma, amma ƙarfen bai san ta ba."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ja hannun Nana muka koma gefe, ina ta ƙunƙuni a zuci cewa yaran zamani ba su san girman manya ba. Maigida bai ce komai ba, ya dai ɗauke ta ya saya mata alawa.

Ba a yi minti goma ba sai ga wani babban baƙo ya iso da muƙarrabansa, riƙe da hannun ɗansa wanda ko kafaɗar Nana da ƙyar ya wuce. Aka kai yaro jikin sanda, kowa ya ga tazarar. Wani daga cikin 'yan rakiya ya daka wa mai ƙofa tsawa ya ce ko bai san ɗan wane ne ba. Manaja ya taho da sauri yana murmushin dole, ya yi wa yaron nasa raɗa, da alama cewa yake a bari kawai. Wurin ya yi tsit. Sai mai ƙofar nan ya zare makullin na'urar ya miƙa wa manaja da hannu biyu, ya ce, "Ranka ya daɗe, sai dai wani ya tayar, ni ba zan iya ba." Masu ɗaukar hoto suka juyo gaba ɗaya. Babban baƙon ya dubi kyamarori, ya dubi ɗansa, sai ya yi dariya ya ce ai yaron ya yi daidai, doka doka ce. Aka tafa, aka kai ɗan nasa wurin dawakan katako masu juyawa, Nana ma ta bi su tana murna.

Ni kuwa jikina ya yi sanyi. Abin da na ga muninsa a bakin ɗan rakiyar nan, shi ne fa na yi ɗazu, bambancin kawai ni da lallashi na yi, shi da tsawa. Na koma wurin mai ƙofar na ce, "Ƙanena, ka yafe mini, ka fi ni gaskiya. Allah Ya yi wa mahaifiyarka albarka." Sai kuma wani tunani ya zo mini: yau kyamarori suka taya shi tsayuwa. Ranar Sallah, da yara ɗaruruwa a layi, rana ta take, iyaye suna roƙo, 'yan rakiya suna tsawa, mai wuri yana ƙirga kuɗi, wa zai taya shi?

Minti ɗaya da rabi

Da layi ya zo kaina, na zauna kusa da wata 'yar jarida daga gidan rediyo. Kafin a sauke ƙarfen, wata ma'aikaciya ta zo ta ce in tattare hijabina. Dogo ne har ƙasa, irin wanda muke sawa zuwa makaranta. Ta taya ni muka naɗe shi, na zauna a kan gefensa, na cusa sauran a ƙarƙashin ƙarfen, babu abin da ya fito na jikina, babu kuma abin da ke reto. Ta danna ƙarfen, ta ja shi da ƙarfi ta tabbatar ya kama. Na karanta addu'ar hawa abin hawa, wadda ke cikin Suratuz Zukhrufi, aya ta 13 da ta 14, kuma ban taɓa karanta ta da halartar zuciya irin ta ranar ba.

Sarƙa ta fara ja, ƙas, ƙas, ƙas. Rufin gidaje ya koma ƙasa, na hango maigida ya zama ɗan mitsitsi yana ɗaga mini jaka. Muka kai ƙololuwa, jirgin ya yi kamar zai tsaya, sai kawai ƙasa ta ɓace. Hanjina ya taso har maƙogwaro. Na ji na bar kujera ɗungurungum, babu abin da ke tsakanina da sararin Allah sai ƙarfen nan a cinyata. Salati nake da iyakar muryata, abokiyar zamana ta ƙanƙame hannuna har sai da farcenta ya yi mini shaida. Wani ɗan jarida a bayanmu, wanda ɗazu yake cika baki cewa ya hau wanda ya fi wannan a ƙasar waje, sai ga shi yana kiran innarsa. Minti ɗaya da rabi aka yi, amma na ɗauka an yi wuni. Da birki ya kama, muka dubi juna muka fashe da dariya, ƙafafuna suna rawa kamar mazari.

Akwai daɗi, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma a daidai lokacin da na ji na tashi daga kujera, fuskar Nana ce ta faɗo mini. Da yaron nan ya ji roƙona, da a wannan daƙiƙar hannuwana biyu suna kan ƙarfe ina ta kaina.

In gemun ɗan uwanka ya kama wuta

Kada wata ta ce tsoron ƙauyanci ne. A watan Maris na 2022, a birnin Orlando na Amurka, wani yaro ɗan shekara 14 ya faɗo ya rasu daga wani lilo mai ɗaga mutane sama da mita 100 ya sako su. Nauyinsa ya wuce abin da maƙeran suka ƙayyade, kuma bincike ya gano an taɓa na'urar kujerar da hannu domin ƙarfen ya karɓi masu jiki, sai na'ura ta nuna komai daidai alhali akwai giɓi. Wannan ita ce alfarma tsantsa. A 2023 aka kwance lilon baki ɗaya, amma yaro ya riga ya tafi. A watan Satumbar 2021, a jihar Colorado, yarinya 'yar shekara 6 ta rasu saboda a kan bel ɗin take zaune ba a ɗaura mata ba, na'ura ta yi gargaɗi, ma'aikata suka sake saita ta suka tayar. A ƙarshen Yulin 2025, a Al-Hada kusa da Ɗa'ifa a Saudiyya, wani babban lilo ya karye biyu da mutane a kai, mutum 23 suka ji rauni. A Ostareliya kuwa, a 2010, wata baiwar Allah ta rasu bayan mayafinta ya naɗe a ƙafar ƙaramar motar wasan tsere. Mu da muka san abin da tayar babur da bel ɗin injin niƙa suke yi wa dogon hijabi ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani.

Idan haka ta faru a ƙasashen da ke da hukumomi masu bin diddigi, ina ga lilon da mai walda ya haɗa a bayan kasuwa, ya kafa a fili ranar Sallah, samari suna tura shi da hannu yara suna maƙale kamar fara?

Amma ba sai na je Amurka neman misali ba. Mu mutanen Shagari mun san abin da "a ƙara mutum ɗaya" yake jawowa. A watan Afrilun 2022, cikin azumi, kwale-kwale ya kife a ruwanmu da mutanen Gidan Magana, aka rasa rayuka 29. A watan Mayun 2023 aka sake yi da yaran Dandeji, aka tsamo gawar yara 15, mafi yawansu 'yan mata, kuma rahotanni suka ce jirgin ya ɗauki fiye da ƙima. Waɗannan yara ba wasa suka fita ba, itacen girki suka tafi nema wa iyayensu. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri. Ina kan jirgin lilon nan na tuna su, na ji nauyi a raina, wasu na biyan kuɗi a tsorata su don nishaɗi, wasu kuwa talauci ke ɗora su a kan abin tsoro na gaske. Sai dai darasin ɗaya ne. Kwale-kwale yana da iyakar abin da zai ɗauka, lilo yana da iyaka, motar da ake cusa yara goma sha biyar daga Shagari ko Bodinga zuwa Sakkwato yawon Sallah ita ma tana da iyaka. Kuma sau da yawa wanda ke roƙon a ƙetare iyakar ba mugu ba ne. Uwa ce mai tausayi, wadda ba ta son a bar nata a baya yana kuka.

Wasa halal ne, sakaci ne haram

Na san wasu za su ce, to Malama, a hana su zuwa mana kowa ya huta. Ban ce haka ba, addini ma bai ce ba. Ya tabbata a cikin Bukhari cewa Nana A'isha (RA) tana yarinya a Madina ta yi wasan lilo da ƙawayenta. Ya kuma tabbata a Bukhari da Muslim cewa a ranar Idi Habashawa sun yi wasa da masu a masallaci, Manzon Allah (SAW) ya tsaya ya kāre ta tana kallo har sai da ta gaji don kanta. Ki lura, bai aike ta ita kaɗai ba, tsayawa ya yi tare da ita. Mu ma duk mun yi lilo da igiya a reshen dogon yaro, kuma ba mu lalace ba. Yaron da aka kulle ranar Sallah zai fita ta bayan gida, ya tafi inda ba ki sani ba.

Wasu kuma za su ce ai komai ƙaddara ce, in kwana ya ƙare ko a kan gado sai a tafi. Gaskiya ne, mun yi imani da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi. Amma Tirmizi ya ruwaito cewa da wani ya tambayi Annabi (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, umartarsa aka yi ya ɗaure sannan ya dogara. Aya ta 195 a Suratul Baƙara ta hane mu jefa kanmu cikin halaka. Kuma hadisi ya nuna mace mai kiwo ce a gidan mijinta da 'ya'yansa, za a tambaye ta abin da aka ba ta kiwo. Ranar nan ba za a karɓi uzurin cewa yaron ne ya yi ta kuka ba.

Kafin ki ba su kuɗin lilo

Ga abubuwan da na tsinto, na kuma roƙi kowace uwa ta riƙe su a Sallar nan.

Na farko, kada ki haɗa ƙanana da yayarsu 'yar shekara goma sha biyu ki ce ta kula da su. Ita ma yarinya ce, wasa ta je yi. Ki nemi izinin maigida ku tafi tare, ko a haɗa su da babba mai hankali. In da hali a bar ranar Sallah da washegari, a je rana ta uku ko ta huɗu da safe, lokacin da cunkoso da cakuɗuwar maza da mata suka ragu, ma'aikata kuma ba su gaji ba.

Na biyu, ki tsaya ki kalli lilon ya yi zagaye biyu ko uku kafin naki ya hau. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ki duba tsatsa, ki duba inda aka yi walda, ki saurari ƙara. Ki lura ko mai kula da shi yana bin kujeru ɗaya bayan ɗaya yana jan ƙarfe, ko kuwa waya yake latsawa. In kin ga ana cusa yara uku a kujerar mutum biyu, ki ja naki ku bar wurin, ko da kin riga kin biya.

Na uku, in akwai sandar awo, ki girmama ta. Kada ki sa wa yaro takalmi mai tudu, kada ki ce ya yi ɗage, kada ki ba mai ƙofa na goro. In kuwa babu sanda, babu wata ƙa'ida a rubuce, wannan ma amsa ce.

Na huɗu, ki ja ƙarfen ko bel ɗin da hannunki bayan an ɗaura. Ba rashin yarda ba ne, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Na biyar, 'yan mata su sa ƙaramin hijabi mai kama fuska, a tattare dogon a cusa. Gyale mai reto, da igiyar jaka, da dogon kitson roba, duk a killace su. Sutura da tsaro ba sa faɗa da juna in an yi dabara.

Na shida, mai juna biyu, da mai hawan jini, da mai ciwon zuciya, da mai ciwon baya ko wuya, da wadda aka yi wa aiki kwanan nan, da mai farfaɗiya, kada su hau irin wannan jirgi. Yaron da ya ce yana tsoro kuma kada a tilasta shi, kada a yi masa gori.

Na bakwai, kada lilo ya cinye Azahar da La'asar, kada kuma ya cinye kuɗin cefane. Wadda ba ta da hali kada ta ci bashi don a ce nata ma sun je. Igiya mai ƙwari a reshe mai ƙwari, da uwa zaune kusa tana tsinke zogale, ya wadatar da yaro farin ciki.

Na ƙarshe, in kin ga ma'aikaci ya tsaya a kan ƙa'ida ana yi masa tsawa, ki buɗe baki ki goyi bayansa. Ranar Sallah babu 'yan jarida a wurin, mu iyaye ne kawai.

Da muka dawo Shagari, Nana ta sa babanta ya auna santimita 120 a jikin bangon ɗakina ya ja layi da gawayi. Kullum da safe kafin ta tafi makaranta sai ta je ta tsaya a jikinsa, ta ce in duba. Har yanzu da sauran yatsa ɗaya da ɗan wani abu. Jiya ta ce, "Umma, ko in ɗan ɗaga ƙafa?" Na ce a'a, mu jira, Allah ne ke ƙara tsawo, kuma ba Ya manta kowa.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya tsare su a ruwa da tudu, Ya ba mu ikon riƙe amanarsu. Wadda ke da tambaya ko gyara ta aiko ta hannun Edita kamar yadda aka saba. A wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan maganar sallar yara. Barkanmu da Sallah tun daga yanzu.

Wassalamu alaikum. Taku a kullum, Malama, daga Shagari.